UConn ta kakar 2023/24: tsarin koci ne ko ƙarfin 'yan wasa?

Ɗan Kwando: Salamu alaikum jama'a. Ga abin da nake so mu tattauna yau. UConn, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Connecticut a Amurka, ta buga wasa 40 a kakar 2023/24, ta ci 37, aka ci ta 3. A gasar ƙarshe ta NCAA, wato gasar kofin jami'o'in Amurka, wasa shida ta buga, duka ta ci: Stetson 91-52, Northwestern 75-58, San Diego State 82-52, Illinois 77-52, Alabama 86-72, sai Purdue 75-60 a wasan ƙarshe ranar 8 ga Afrilu 2024 a Glendale ta jihar Arizona. In ka haɗa ratar duka maki 140 ne, kuma ba a taɓa ɗaukar kofin da rata mai yawan haka ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne wannan ƙungiyar ta rasa Adama Sanogo da Jordan Hawkins da Andre Jackson bayan ta ɗauki kofin 2023, amma ta dawo ta fi da ƙarfi. To mene ne sirrin, kocinsu Dan Hurley ne ko kuwa yaran ne kawai suka fi kowa?

Alƙalin Benci: Wa alaikumus salam. Ni kam ba na ganin wani sirri. Ƙungiyar da aka ɗauki mutum huɗu daga cikinta zuwa NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, a zaɓen 'yan wasa na shekara ɗaya, Stephon Castle na 4, Donovan Clingan na 7, sai Tristen Newton da Cam Spencer a zagaye na biyu na zaɓen, ai ko wa ka ba ita zai yi abin kirki. Ana yawan kambama koci a wasan jami'a.

Tsohon Koci: Malam Alƙali, duba inda mutanen nan suka fito tukuna. Newton daga East Carolina ya zo, Spencer daga Rutgers, kafin nan ma Loyola Maryland yake. Ba a yi rububinsu ba lokacin da suka gama sakandare. Castle ne kaɗai ya shigo da suna na ƙasa baki ɗaya. Kentucky da Duke sun sha tara yara masu suna fiye da haka su fita a makon farko na gasa.

Bari in faɗi yadda harinsu yake tafiya, don a nan amsar take. A wasan jami'a agogon jifa, wato lokacin da dole a jefa ƙwallo kwando kafin ya ƙare, daƙiƙa 30 ne, ba 24 ba kamar NBA. Yawancin ƙungiyoyi abin da suke yi shi ne dogo ya zo ya kafa wa mai ƙwallo shinge a sama, wato ya tare mai tsaronsa da jikinsa, sauran uku su tsaya a gefe suna jira. UConn ba ta tsayawa. Za a ba Clingan ƙwallo a saman da'ira, ya juya baya ga kwando yana riƙe da ita. Spencer ya taso daga kusurwa, ya bi ta shinge biyu a jere, ya zo ya karɓa hannu da hannu daga Clingan. Mai tsaronsa ya riga ya ci karo sau biyu, ga na uku kuma jikin mutum mai ƙafa 7 da inci 2. In ya bi ta bayan shingen, Spencer ya jefa na nesa mai maki uku, kuma kashi 44 cikin 100 yake ci. In ya manne masa ya bi ta sama, Spencer ya kutsa ciki, dogon abokan hamayya ya fito tarbarsa, Clingan ya gangara kwando ba kowa. In an turo wani daga gefe ya taimaka, Alex Karaban ne aka bari, shi ma gwanin jifa ne. Idan duk an toshe waɗannan, ba sa rikicewa, saura daƙiƙa 15 a agogo, sai su juya su sake wani salon ta ɗaya gefen. Mai tsaro zai yanke shawara biyar ko shida a hari ɗaya, kuskure guda ya isa.

Sabon Shiga: Baba Koci a yi haƙuri, mene ne amfanin ɓata lokacin? Na ɗauka ƙungiyar da ta fi ƙarfi gudu take so don a yi hari da yawa.

Malam Lissafi: Ƙanena tambayarka a kan hanya take. A ƙa'ida haka ne, mai ƙarfi yana son yawan hari don sa'a ta rage tasiri. Amma UConn tana cikin masu jinkirin wasa a ƙasar, duk da haka a ma'aunin KenPom, shafin da ke auna ƙarfin ƙungiyoyin jami'a da alƙaluma, ita ce ta 1 wajen maki a kowane hari, ta 4 wajen tsaro. Jinkirin yana da amfani biyu. Na farko, yaron da ya yi daƙiƙa 25 yana bin Spencer ta cikin shinge, ƙafarsa ba za ta yi daidai ba in ya je nasa jifan. Na biyu, in ka jefa ƙwallo bayan kowa ya zauna a gurbinsa, kana da masu komawa baya, abokin hamayya ba ya samun harin gudu. Shi ya sa wasanninsu da yawa suke kusa da kusa a hutun rabin lokaci, sai a dawo a ga rata ta buɗe. Alabama 44-40 aka tafi hutu. Purdue 36-30. Illinois 28-23.

Kuma a lura, duk biyar ɗin farko sun haura maki 10 a kowane wasa: Newton wajen 15, Spencer 14, Karaban da Clingan 13, Castle 11. Ba wanda ya kai 16. Koci mai shirin tsaro ba shi da mutum guda da zai ce a kashe wannan a huta.

Alƙalin Benci: To na ji. Amma ku yi mini bayanin wasan ƙarshe. Zach Edey, dogon Purdue, ya zuba musu maki 37 da ribawun 10, wato cafke ƙwallon da bai shiga kwando ba. Wannan ne tsaron da ake yabo?

Tsohon Koci: Shi ne kuwa, da gangan aka bar shi. Purdue hanya biyu take ci da ita. A jefa wa Edey ƙwallo a ƙasan kwando, ƙafa 7 da inci 4, gwarzon ɗan wasan ƙasa shekara biyu a jere. In ka yi masa rubdugu da mutum biyu, ya fito da ita waje, kuma Purdue tana cin sama da kashi 40 cikin 100 na jifan uku, tana sahun gaba a ƙasar. Hurley ya ce ba rubdugu. Clingan ya tsaya da shi shi kaɗai, sauran huɗu kowa ya liƙe wa nasa a bakin layi, ko kallon ciki kada ya yi. Aka ɗora Castle, mai ƙafa 6 da inci 6, a kan Braden Smith da ke raba musu ƙwallo, yana takura masa tun daga nesa. Sakamako: Purdue jifan uku 7 kacal ta samu ta gwada a wasan duka, ta ci 1. Fletcher Loyer bai ci ko maki ɗaya ba. Duk sauran 'yan Purdue in ka cire Edey maki 23 suka haɗa.

Malam Lissafi: A nan ina da ɗan gyara Baba, don mutane suna maimaita cewa uku ta fi biyu shi ke nan. Lissafin bai kai haka sauƙi ba. Edey ya ci 15 cikin 25, kashi 60 ke nan, maki 1.2 a kowane jifa. Mai cin kashi 40 a jifan uku shi ma 1.2 yake samu. Daidai suke, Edey ma ya fi in ka ƙara jifan kyauta 7 da ya ci. Ribar ba a kan Edey aka same ta ba. An same ta a sauran jifa 29 da abokansa suka yi, suka ci 9. Mutum ɗaya ba zai jefa ƙwallo sau 54 ba. Dole wasu su jefa, kuma an hana su jifan da suka saba, an tura su tsakiyar fili inda jifa ba ya biyan kuɗin sabulu.

Tsohon Koci: Gyaranka ya karɓu. Ƙara da gajiya. Edey kusan wasan duka ya buga, kuma a ɗaya gefen UConn ba ta bar shi ya huta ba, kowane hari sai an jawo shi cikin shinge. Ya fara da zafi, sannan daga ƙarshen zagayen farko zuwa farkon na biyu ƙwallonsa ta daina shiga, a nan ratar ta buɗe. Wani kaso na makinsa ya zo ne bayan wasa ya riga ya tafi.

Hajiya Mai Tsaro: Kada a manta tsarin nan saura ƙiris ya ɓaci ta wajen laifi. A jami'a laifi biyar ne ka fita, ba shida ba. Samson Johnson, ɗan Togo da ke canjin Clingan, ya cika biyar ɗinsa cikin 'yan mintoci a fili, Clingan kuma yana da huɗu. Sai da Karaban ya koma tsaron Edey a ƙarshe, mutumin da Edey ya fi shi da tsawo nesa ba kusa ba. Da ratar maki 4 ce a lokacin maimakon goma sha wani abu, da wani labarin ake yi. Wannan shi ne kuɗin da ake biya in an ƙi rubdugu: dogayenka ne za su sha laifin. Duk kocin da zai kwaikwayi wannan ya fara ƙirga dogaye nawa gare shi a benci.

Amma shi Johnson ɗin ya yi aikinsa kafin ya fita. Sau biyu a jere Newton ya ɗaga masa ƙwallo sama ya danna a kwando a farkon zagaye na biyu, saboda Edey yana ja da baya yana jiran Newton, bayansa a buɗe.

Sabon Shiga: Hajiya wannan ja da bayan fa, shi ne abin da Clingan ma yake yi?

Hajiya Mai Tsaro: Shi ne. In aka kafa wa mai tsaron ƙwallo shinge, dogo yana da zaɓi. Ko ya fito sama ya tare mai ƙwallo, ko ya koma kusa da kwando ya jira. Clingan komawa yake. Mai tsaron ƙwallo kuma dole ya bi ta saman shingen, ya kori mutuminsa daga layin uku zuwa ciki, inda Clingan ke jira hannu a sama. A jami'a babu dokar daƙiƙa uku a kan mai tsaro, don haka yana iya zama a gindin kwando yadda ya ga dama. In Johnson ya shigo sai salon ya canja, shi yana da sauri, fitowa yake sama ya tsorata mai ƙwallo ya koma. Ka ga mai raba ƙwallo na abokan hamayya yana karatun littafi biyu a wasa ɗaya.

Wasan Illinois a Boston ne ya nuna abin ƙarara. Illinois tana cikin mafi iya hari a ƙasar, Terrence Shannon Jr. yana ta zuba maki a gasar. Ana 23-23 saura ƙasa da minti biyu a tafi hutu. Daga nan UConn ta ci maki 30 a jere, Illinois ba ta ci ko ɗaya ba, allo ya koma 53-23. Clingan ya gama da maki 22, ribawun 10, ya doke jifa 5. Shannon maki 8. Illinois ta nace sai ta kai ƙwallo kwando ta kan Clingan, ta yi ta kai masa, yana ta mayarwa, kowace mayarwa kuma harin gudu ce ga UConn.

Alƙalin Benci: Ai kin kawo mini hujja Hajiya. Wannan Clingan ne, ba Hurley ba. Tsawo ba a koyar da shi.

Malam Lissafi: Akwai gwajin da kakar ta yi mana da kanta. Clingan ya ji ciwo a ƙafa a wasan Seton Hall ranar 20 ga Disamba, aka ci su 75-60. Ya yi kusan wata ɗaya ba ya bugawa, sai tsakiyar Janairu ya dawo, kuma duk wasannin rukuninsu na Big East da aka yi ba shi sun ci. Castle ma ya yi jinyar gwiwa a farkon kaka, sun doke Indiana da Texas a New York ba shi. Wasan da suka faɗi a gidan Kansas 69-65 ba Castle a fili, Newton ya ci 31 shi kaɗai. Ba na cewa Clingan ba kome ba ne, da shi tsaron ya tashi daga mai kyau zuwa abin tsoro. Amma injin bai tsaya ba da aka cire shi.

Ɗan Kwando: Wani abin da ba a faɗa ba: ba su dogara da jifan uku ba. Da Northwestern 3 suka ci cikin 22, suka yi nasara da maki 17. Da Illinois 3 cikin 17. Da Purdue 6 cikin 22. Ƙungiyoyi da yawa ranar da hannu ya yi sanyi ranar suke komawa gida, gasar ai bugu ɗaya ce, ba a ramawa.

Tsohon Koci: Dalili biyu. Motsin nan da na faɗa ba don jifan uku kaɗai ake yinsa ba, tsoron jifan ne yake buɗe kwando. Ko Spencer bai ci ba ranar, ba mai tsaron da zai yarda ya sake shi. Na biyu ribawun na hari. In ka cafke ƙwallon da ta dawo daga naka jifan, agogo yana komawa 20, ka sake sa su gudu. Kuma ba dogaye kaɗai ke zuwa ba, Newton da Castle da Spencer duk suna faɗawa ciki, saboda sun fi yawancin masu tsaronsu jiki. Newton ƙafa 6 da inci 5 ne yana raba ƙwallo.

Alƙalin Benci: To ta ina ake cin su? Don an ci su sau uku.

Hajiya Mai Tsaro: Creighton ce ta nuna hanya, 85-66 a Omaha ranar 20 ga Fabrairu, kwana uku bayan UConn ta yi wa Marquette 81-53. Maganin mai ja da baya shi ne mai ƙwallon da zai iya jefa uku da zarar ya fito daga shinge, tun mai binsa bai iso ba, da kuma masu jifa huɗu a fili don kada a samu wanda za a bari. Creighton ta ci 14 cikin 28 a ranar. Amma ka ga sharaɗin: sai ka ci rabin jifanka na uku, kuma sai ka ci gaba da ci har minti 40. Alabama ta gwada a wasan kusa da na ƙarshe. Ta ci 8 cikin 11 a zagayen farko, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, duk da haka tana baya da maki 4 a hutu. An kai 56-56, sai hannu ya dawo daidai, UConn ta wuce. Sau 4 kacal UConn ta zubar da ƙwallo a wasan.

Alabama ta kuma gwada ɗaya dabarar, wato a saki Castle, tunda jifansa na uku bai kai kashi 30 ba, mai tsaronsa ya koma ciki ya cushe hanya. Castle ya ci jifan uku sau biyu tun farkon wasa, sannan UConn ta riƙa amfani da shi yana kafa shinge yana yankawa kwando. Mutumin da ba a tsaronsa in ya kafa shinge, ba mai taimakon wanda aka tare. Maki 21 ya gama da su.

Sabon Shiga: Na ji an ce akwai masu azumi a ƙungiyar, gaskiya ne?

Ɗan Kwando: Gaskiya ne. A 2023 azumi ya kama ana tsakiyar gasa, Sanogo ɗan Mali da Hassan Diarra da Samson Johnson suna azumi suna bugawa, kuma Sanogo ne aka ba gwarzon gasar. A 2024 gasar gaba ɗayanta cikin Ramadan ta faɗo. Wasan ƙarshe da 6:20 na yamma aka fara a Arizona, rana ba ta faɗi ba, a Najeriya da Nijar kuwa ƙarfe 2:20 na dare ne, aka tashi dab da sahur ɗin ƙarshe. Diarra shi aka zaɓa gwarzon ɗan benci na Big East a kakar, shi ake sakowa in ana son a hana mai raba ƙwallo numfashi.

Alƙalin Benci: Bari in sassauta, amma ba duka ba. Na yarda tsarin yana da hannu. Sai dai masu cewa ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a tarihi su dakata. Indiana ta 1976 ta ci 32 ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Kentucky ta 1996, wadda ratar 129 ɗinta aka karya, benci ɗinta ma 'yan NBA ne. Kuma a yau manyan yara ba sa zama shekara huɗu, abokan hamayyar ba su kai na da ba.

Malam Lissafi: Kwatanta zamani da zamani rigima ce marar ƙarewa, a 1976 babu layin uku babu agogon jifa. Abin da za a iya aunawa shi ne wannan: wasa 12 a jere a gasar NCAA cikin shekara biyu, mafi ƙanƙantar rata maki 13, da Miami a 2023. Tun Florida ta 2006 da 2007 ba wanda ya ɗauki kofin sau biyu a jere sai UConn, kuma Florida da biyar ɗinta na farko duka ta dawo. UConn uku daga cikin biyar ta canja.

Tsohon Koci: Ni kuma zan ba Malam Alƙali nasa. Kakar da ta biyo baya Hurley yana nan, ya ƙi tayin Lakers ta NBA na dala miliyan 70 ya zauna, littafin salon harin yana nan, Karaban da Diarra da Johnson suna nan. Suka je gasar Maui a Hawaii a Nuwamba aka ci su uku a jere, a Maris kuma Florida ta fitar da su 77-75 a zagaye na biyu na gasar NCAA. Harin bai lalace sosai ba, tsaron ne ya zube. Ba Clingan a gindin kwando, ba Castle a kan mai ƙwallo, sai korar mutum daga layin uku ta zama kora zuwa kwandon da ba mai gadi, laifi ya yi ta hawa.

Alƙalin Benci: Alhamdu lillahi, yau Baba Koci da bakinsa.

Hajiya Mai Tsaro: Kada ka yi saurin murna Malam, tsaro ya ce. Je ka sake kallon minti goma na farkon zagaye na biyu da Purdue, ka ƙirga sau nawa ƙwallo ke canja gefe kafin a jefa, sannan ka dawo mu yi maganar harin.